Ana Cin Gasar Sulhu?

Kowace shekara, a makon da ke gabanin bikin Ista, birnin Viyana na ƙasar Ostiriya yakan cika da samari da ƴan mata masu karatun shari'a, waɗanda suka zo daga jami'o'i fiye da 300 na duniya domin karawa a wata gasa mai ɗauke da sunan Willem Vis. Jami'o'i 11 ne kacal suka halarci ta farko a 1994, a 2004 kuma aka buɗe mata ƙanwa a Hong Kong. Ƙagaggiyar rigima ake ba ɗaliban, tsakanin kamfanoni biyu na wasu ƙasashen da babu su a taswira, a kan kayan da aka saya aka sayar. Kowane ayari zai rubuta hujjojin mai ƙara, ya koma ya rubuta na wanda ake ƙara, sannan ya zo ya kare kowannensu da baki a gaban masu raba gardama. A birnin Paris kuma, tun 2006, Majalisar Ƴan Kasuwa ta Duniya takan shirya gasar shiga tsakani a watan Fabrairu. A can ɗalibi ɗaya yakan zama mai rigimar, ɗaya ya zama lauyansa, su zauna da takwarorinsu na wata jami'a a gaban ƙwararren mai sasantawa, alƙalan gasa suna gefe suna ba da maki. Ƙasashenmu masu bin dokokin kasuwanci na OHADA su ma suna da gasar ɗalibai da ake kira Génies en herbe OHADA.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san gasa, ya kuma san sulhu, amma ban da tsammanin ya taɓa ganin an ɗaure su a turke ɗaya. A Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, kuma har gobe hukuncin kokowa a fili yake: wanda ya sha kaye ya sha kaye, makaɗa su koɗa gwani, a rataya masa takobi. Shi kuwa sulhu, alamar kyansa ita ce a tashi ba wanda zai shiga gari yana cewa ya kayar da wane. Ranar da ɗaya daga cikin masu husuma ya fito daga zaure yana bugun ƙirji, dattawa sun san aikinsu bai yi ba, rigimar kwanciya ta yi, za ta tashi baɗi. To, mene ne ɗalibi yake ci idan an ce ya ci gasar sulhu? Kuma wane hali wannan horo yake dasawa a zuciyar yaron da gobe zai zauna tsakanin manomi da makiyayi a Alela ko Tsarnawa? Tambayar ta shafe mu kai tsaye, domin jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010 kuma take ɗauke da sunan masanin tarihin Adar, Djibo Hamani, tana yaye masu karatun shari'a, haka ma jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, can ƙetaren iyaka. Da yawansu ƴaƴan ƙauyukan nan ne, kuma sun bi ta hannun malaman da ke karanta wannan mujalla.

Abu uku da muke kira sulhu

Kalma ɗaya muke yi wa abubuwa uku, alhali masana shari'a sun rarrabe su. Na farko shi ne daidaitawa, inda masu saɓani ko wakilansu suke zama su yi ta ja da saki har su tsaya a kan magana, ba tare da kowa a tsakaninsu ba. Na biyu shiga tsakani, inda wani na uku yake taimaka musu su ji juna, amma ba shi da ikon yanke hukunci. Na uku shi ne tahkimi, wato su da kansu su zaɓi wanda zai raba musu gardama, su kuma ɗaure kansu tun farko cewa abin da ya yanke ya zauna. Babu ɗaya daga ciki da yake baƙo a wurinmu. Dillalin shanu a kasuwar Badagishiri mai shiga tsakani ne, la'adarsa kuwa tana fita ne kawai idan ciniki ya faɗa. Alƙur'ani ya yi umarni da a tashi mutum ɗaya daga dangin miji da ɗaya daga dangin mata idan aure ya yi tsami.

Game da gasar tahkimi ba ni da doguwar magana, domin ita ƙanwar kotu ce, akwai mai gaskiya akwai marar ita, kuma buƙatarmu gare ta a bayyane take. A watan Janairu na 2017 wasu masu raba gardama a Landan suka yanke wa Najeriya biyan dala biliyan 6.6 ga kamfanin P&ID, a kan wata masana'antar iskar gas da ba a taɓa ginawa ba. Kuɗin ruwa ya yi ta hawa har bashin ya kai wajen dala biliyan 11, sai a watan Oktoba na 2023 wata babbar kotun Ingila ta rushe hukuncin, bayan ta gano cewa da cin hanci da zamba aka same shi. Mu ma a nan gida, taƙaddamar ƙasa da kamfanin Orano a kan yuraniyom, wadda ta yi zafi a 2024 da 2025, ta kai gaban masu tahkimi na duniya. Kotun OHADA da ke Abijan tana kula da irin wannan aiki, kuma a ranar 23 ga Nuwamba 2017, a Konakiri, ƙasashe 17 na ƙungiyar, har da Nijar, suka sabunta dokar tahkimi, suka kuma kafa dokar shiga tsakani. Ƙasar da ba ta horar da ƴaƴanta a wannan fage ba za ta yi ta hayar bakin wasu da tsada. A nan gasa ta dace, kamar yadda ɗan kokowa yake buƙatar abokin gwaji kafin ranar fili.

Wuyar tana ga sauran biyun, daidaitawa da shiga tsakani, domin su ne suka yi kama da abin da ake yi a ƙofar mai gari.

A ƙofar mai gari

Ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela ƙasa ce ta noma da kiwo tun kaka da kakanni. Ga gero da dawa da wake a kan jigawa, ga albasar Galmi da sunanta ya ƙetare iyakoki, ga kwarin Majiya da filin noman rani na Ƙonni mai faɗin hekta fiye da 2,000. Ta cikin waɗannan gonaki garkuna suke bi su haura arewa da faɗuwar damina, su gangaro kudu bayan kaka. Jama'a ta ƙaru, saura ta ƙare, gonaki sun ci burtali da bakin mashaya, makiyayi kuma wani lokaci yakan sauko tun kafin ranar da hukuma ta tsayar ta sakin gonaki, saboda tabkunan arewa sun ƙafe. Daga nan ɓarna, daga ɓarna sai sanda da takobi. Ba mu manta da Toda ba, a jahar Maraɗi, inda a watan Oktoba na 1991 aka hallaka mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Ba mu manta da Bangi ta gundumar Madawa ba, inda a watan Nuwamba na 2016 kusan mutum 20 suka rasa rayukansu a kan ɓarnar gona.

Dokar ƙasa ta san da wannan, kuma ga sarakuna ta fara miƙa al'amarin. Kundin dokokin karkara na ranar 2 ga Maris 1993, a ayarsa ta 149, ya wajabta cewa kafin rigimar mutanen karkara a kan ƙasa ta isa gaban mai shari'a, sai hukumomin gargajiya sun gwada sasanta ta, a kuma rubuta sakamakon a takarda. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar wa makiyaya ƴancin kai da kawo da dabbobinsu. Dokar 13 ga Janairu 2015 ta sake tabbatar wa sarakuna ikon sasantawa. Ga kuma hukumomin filaye da jama'a ke kira Kofo, tun daga ƙauye har gunduma. Ashe ke nan sulhu a wurinmu mataki ne na doka, kuma yawancin rigingimun karkara a wannan matakin suke mutuwa ko su rayu.

A ɗauka wani garke ya shiga gonar wake a wani ƙauye na Alela, kwana goma kafin sakin gonaki. Mai gona ya ce jika ɗari. Makiyayi ya ce gonar ce ta shigo burtali, shi hanyar ubansa ya bi. Mai gari zai tara su da liman da ardo da dattawa, a aika masu duba ɓarna, a yi ta magana har la'asar. Za a tuna musu cewa kakan wannan ya sha nonon shanun kakan wancan, kuma garken nan ne yake zuba wa gonar taki da rani. Idan akwai abokin wasa a wurin, kamar Ba'are da Bafillace, zai jefa barkwancin da zai sa a yi dariya, wuta ta ragu. Wannan wasan dangi na ƙasarmu ne hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2014. A ƙarshe a tsaya a kan jika arba'in, a yi fatiha, a sha hannu. Babu wanda zai ba mai gari maki a ranar. Sai baɗi war haka, idan garken ya dawo ya wuce lafiya, mai gonar ya ja kunyarsa baya daga burtali, sannan za a san zaman ya yi kyau.

Zaman gasa kuwa bai kai sa'a biyu ba. Ɗaliban da suka zauna da juna ba su taɓa haɗuwa ba, watakila kuma ba za su ƙara ba. Ba rijiya ɗaya suke sha ba, ba za su haɗu a jana'iza ba, babu auratayya tsakaninsu. Abin da alƙalin gasa yake iya aunawa shi ne abin da ya gani a ɗakin: shiri, sauraro, iya tambaya, ladabin harshe, dabarar fito da mafita. Waɗannan duka abin yabo ne, kuma masu shirya gasannin sun yi hikima da ba su ɗora maki a kan yawan kuɗin da ɗalibi ya ƙwato ba. Amma lokaci, wanda shi ne babban alƙalin sulhu, ba ya cikin masu ba da maki.

Harshe da zuciya

Zargi mafi tsufa da ake yi wa irin wannan horo shi ne cewa yana raba harshe da zuciya. Yaro ya kare mai ƙara da safe, ya kare wanda ake ƙara da yamma, da zafi iri ɗaya. Ashe ba koya masa ake yi cewa gaskiya riga ce da ake sawa a tuɓe ba? Zargin ya girmi jami'o'inmu da shekaru fiye da dubu biyu. A ƙasar Girka, Aflatun ya rubuta littafi sukutum mai suna Gorgiyas, inda ya sa malaminsa Sukurat yana tuhumar masu koyar da balaga cewa suna koya wa matasa rinjayar jama'a ba tare da sanin adalci ba. Mu ma idan muka ce wane ya iya baki, ba kullum yabo muke nufi ba.

Ni dai ina ganin zargin ya kuskure a nan. Mutumin da bai taɓa tsayawa a wurin abokin husumarsa ba, ko da wasa, shi ne ya fi saurin zare takobi. Ɗan manomin da ƙuri'a ta faɗa masa ya kare makiyayi dole ya zauna ya yi tunanin abin da bai taɓa yi ba: ina garke zai bi idan an nome burtali, me zai sha idan lambu ya kewaye tabki. Ɗan makiyayin da aka ba shi gonar wake ya kare zai lissafa bashin iri da watanni huɗu na wahala da dabbobi suka cinye a dare ɗaya. Wannan horo ne na zuciya kafin ya zama na harshe. Al'adarmu ma ta san ana koyon girma ta hanyar kwaikwayo. A wasan kara na Damagaram samari sukan zama sarki da alƙali da gwamna na ƴan kwanaki, ba wanda ya ce ƙarya suke koyo.

Inda zargin yake da ƙarfi shi ne wajen sirri. A gasar daidaitawa akan ba kowane ɓangare wata takarda ta asiri, mai ɗauke da abin da ɗaya ɓangaren bai sani ba: iyakar abin da zai iya karɓa, matsin da yake ciki, raunin hujjarsa. Gwaninta ita ce ka tono na abokin zamanka, ka tsare naka. Shin wannan ba yaudara ba ce da aka yi wa kwalliya? Kasuwa ta riga ta amsa rabin tambayar. Mai sa a Badagishiri ba ya faɗin kuɗin da zai sallama. A taya, ya ce albarka, a ƙara, ya ce albarka, ko da a ransa ya san bashi ne ya koro shi kuma dole ya sayar yau. Ba wanda ya kira shi maƙaryaci. Amma idan ya ɓoye cewa san yana da ciwo, ko ya sa abokinsa ya riƙa tayawa da tsada ba da niyyar saye ba don a ruɗi mai saye, to, littattafan fiƙihu sun haramta duka biyun, kuma mai saye yana da damar mayar da dabba mai aibi. Wato akwai iyaka tsakanin ɓoye buƙatarka da ɓoye aibin kayanka. Dokokin gasannin su ma sukan hana ɗalibi ƙago hujjar da ba ta cikin takarda. Bambancin shi ne, a kasuwa ƙarya tana da farashi: dillalin da aka kama sau ɗaya ya rasa amana, kuma amana ce jarinsa. A ɗakin gasa, ƙaramar ƙaryar da ta kuɓuce wa alƙali ba ta cutar da kowa, tana iya ma kawo lambar yabo. Yaron da ya saba da haka shekara uku yana iya fitowa da zaton cewa duniya ma haka take. Wannan haɗari ne na gaske, kuma maganinsa yana hannun malamin da ke horar da ayari fiye da hannun masu rubuta dokar gasa.

Wanda ake ce wa ya yi haƙuri

Idan muka tsaya a nan, sai a ce zauren mai gari ya fi ɗakin gasa ta kowace fuska, ɗalibai su zo su durƙusa su koya. Ba haka maganar take ba, kuma ƙungiyoyinmu na al'adu, waɗanda suke son yabon abin gado, ya kamata su jure jin sauran.

A yawancin zaman sulhu akwai kalmar da ke rufe taro, ita ce a yi haƙuri. Sai mu tambaya, wa ake ce wa ya yi haƙurin? Sau da yawa wanda ba shi da ƙarfin ƙi ne. Mai shiga tsakani na ƙa'idar Turawa baƙo ne ga ɓangarorin biyu, ba ya cin komai da kowa, kuma a asirce yake aiki. Namu sananne ne, ƙarfinsa yana cikin dangantakarsa da kowa, a bainar jama'a kuma yake magana. Wannan dangantaka ita ce ke sa a ji maganarsa, ita ce kuma ke iya karkatar da shi. Mai gari manomi ne, manoma ne talakawansa, da su zai kwana. Makiyayi mai wucewa baƙo ne, gobe ya yi gaba. A wani wurin kuma akasin haka ne: garken na wani attajiri ne ko babban ma'aikaci a birni, mai gonar kuwa talaka ne da ba ya iya ɗaga ido a gaban manya.

A ɗauki misalin macen da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu da gona. Ƙanen mijin ya ce gonar gida ce, ba a raba ta ba tun zamanin uba. Shari'ar Musulunci ta ba matar rabonta, ta ba ƴaƴanta mata nasu, amma a ƙauyuka da dama al'ada takan bar ƙasa a hannun maza. Aka zauna, aka ce mata zumunci ya fi gona, ta karɓi damin gero kaɗan kowace kaka, ta yafe. Ta sunkuyar da kai ta ce ta yafe. Aka yi fatiha, kowa ya yaba. A 1981 wasu malaman jami'ar Harvard, Roger Fisher da William Ury, suka fitar da littafin da ya zama ginshiƙin koyar da daidaitawa, kuma ɗaya daga cikin manyan darussansa shi ne cewa ƙarfin mutum a wurin zama daidai yake da abin da zai iya yi idan ya tashi ba a daidaita ba. Me wannan mata za ta iya yi idan ta tashi? Kotun Ƙonni da nisa, kuɗin kabu-kabu da na takardu ba ta da su, takardun da Faransanci ake rubuta su, sannan ga abin kunyar a ce ta kai ƙanen mijinta ƙara, a garin da za a aurar da ƴaƴanta. A 1984 wani malamin shari'a na jami'ar Yale, Owen Fiss, ya rubuta maƙala yana sukar sasantawa a kan wannan dalili, cewa yardar marar ƙarfi sau da yawa tilas ce, kuma zaman lafiyar da aka samu ta haka ba lalle ya zama adalci ba. A Amurka yake magana, amma kamar ya leƙo ƙauyukanmu.

Malamanmu ba su jira shi ba. Wasiƙar da aka ruwaito Halifa Umar ya aika wa alƙalinsa Abu Musa al-Ash'ari ta halatta sulhu, amma ta cire wanda zai halatta haram ko ya haramta halal. Malikawa sun rarrabe sulhun da aka yi bayan wanda ake nema ya amsa, da wanda aka yi yana musu, da wanda aka yi ya yi shiru. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan ilimi daga Sakkwato har Agadas, akwai hukuncin cewa wanda ya yi sulhu saboda abokin husumarsa ya musanta, sannan daga baya abokin ya amsa, ko wata shaidar da bai san da ita ba ta bayyana, yana da damar warware sulhun. Hikimar da ke cikin wannan hukunci babba ce. Yafiya kyauta ce, mutum kuwa ba ya kyauta da abin da bai san nasa ne ba. Matar da aka gaya mata dalla-dalla cewa tumunin gonar nata ne, kaza na ƴaƴanta ne, doka za ta tsaya mata idan ta nema, sannan ta auna ta ce ta bar wa ƙanen mijinta saboda zaman tare, wannan ta yafe da gaske, kuma girmanta ya ƙaru. Wadda ba a gaya mata ba, ƙwace aka yi mata cikin ladabi.

A ganina a nan ne horon gasa yake da abin da zai kawo wa zaure. Abu na farko da ake koya wa ɗalibin gasa shi ne kada ya zauna sai ya san iyakar haƙƙin wanda yake wakilta, da abin da zai samu idan aka je gaban alƙali, da abin da zuwan zai ci masa. Ana koya masa ya tambayi wanda ya yi shiru, ya rarrabe abin da mutum yake faɗa da abin da yake bukata, ya rubuta yarjejeniya yadda ba za ta ɗauki fassara biyu ba. Ba kujerar mai gari za a ba shi ba. Ba shi da furfurar, kuma ba za a ji maganarsa ba. Wurinsa yana gefen matar nan kafin a zauna, da gefen magatakarda idan an tashi. Takardun sulhu da yawa sukan zama tushen sabuwar rigima, domin an rubuta cewa iyaka tana wajen wata bishiya, bishiyar kuma ta faɗi.

Da a Tawa za a yi ta

Masu zuwa Viyana da Paris su ci gaba da zuwa, Allah ya ba su sa'a, ƙasa tana bukatarsu. Amma babu abin da ya hana malaman shari'a da na lise da ƙungiyoyin al'adu na jahar Tawa su ƙera tasu gasar daidai da ƙasarsu, kuma ba ta bukatar kuɗin jirgi. Da Hausa za a yi ta, da Fulatanci ko Tamajak idan rigimar ta kira su, tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, kuma ɗalibin da ya san kalmar jingina da aro da haya da Faransanci kawai zai yi tuntuɓe a gaban mai gona. Rigingimun su zama na burtali, da gadon mata, da rabon ruwa a filin noman rani, da bashin albasa tsakanin manomin Galmi da ɗan kasuwar da ya kai ta Abijan ta ruɓe a hanya. A teburin alƙalai a zaunar da malamin jami'a da mai shari'a, tare da hakimi da ardo da wata dattijuwa daga ƙungiyar mata, kowa da alƙalaminsa ko mai rubuta masa.

Abu biyu zan so a canza a lissafin maki. Na farko, a ɓoye wa alƙalai takardun asiri har sai an gama, sannan a buɗe a gaban kowa, a karanta, a tambayi kowane ayari ko akwai abin da ya faɗa wanda yanzu yake jin kunyarsa. Ayarin da aka samu ya ɓoye aibin kayansa ya faɗi, kome zaƙin bakinsa. Na biyu, a ƙara zagaye na ƙarshe da za a kira baɗi. Bayan ayari biyu sun sa hannu a kan yarjejeniya, sai a ba su sabuwar takarda: shekara ta kewayo, ruwa ya ɗauke da wuri, garken ya sauko wata guda kafin lokaci, mai garin da ya yi shaida ya rasu, ɗan mai gonar ya dawo daga ci-rani a Legas ya ce shi bai san da wata yarjejeniya ba. Sai a ga ko abin da suka rubuta zai ɗauki wannan nauyi. A wannan zagaye makin na teburin ne gaba ɗaya, ayari biyun su tashi tare ko su faɗi tare, wanda ya matse abokin zamansa a zagayen farko har ya karɓi abin da ba zai iya cikawa ba zai ga makinsa ya zube tare da nasa.